Allo Ɗaya, Doka Biyu: Me Ya Sa Ƙaramar Motar Kaya Ba Ta Gudun Motar Gida a Birtaniya?

Wani ɗan yayata da ke aikin raba saƙonni gida-gida a tsakiyar Ingila ya kira ni wata ranar Lahadi, ransa a ɓace. Takarda ce ta zo daga 'yan sanda, ta biyo ta hannun kamfanin da ya ba shi hayar mota, wai kyamara ta ɗauke shi yana gudun mil 61 a awa a wata hanyar karkara.

"Kawu, wallahi hanyar nan sittin ce," in ji shi. "Kullum a kanta nake wuni. Mil ɗaya tal na ɗora, shi ne har da aiko min da takarda?"

Na tambaye shi wace mota yake ja. Ya ce Citroën Berlingo ce, fara, irin wadda ba ta da taga a baya, sai ƙofa mai zugewa da fili na zuba kwalaye. Na ce masa, "Ɗana, goma sha ɗaya ka ɗora. Hanyar sittin ce ga maƙwabcinka mai motar gida. Kai da ke cikin wannan akwatin, hamsin ce taka." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To a ina aka rubuta?"

Tambayar nan tasa ita ce zuciyar maganar. A bakin hanya dai ba a rubuta ba. Allon da ya wuce a mashigar hanyar farin da'ira ne da baƙin layi a karkace, babu ko lamba ɗaya a jikinsa. Ma'anarsa: daga nan iyakar gudu ta ƙasa ce ke aiki. Ita kuwa iyakar gudun ta ƙasa lambarta ba ɗaya ba ce, tana sauyawa da irin hanyar da kuma irin motar. Allon ya bar wa direba aikin sanin rukunin da motarsa take ciki, direbobi da yawa kuma ba su taɓa jin cewa akwai wasu rukunai ba.

Ga yadda lissafin yake a Ingila, Wels da Sikotlan. Cikin gari, inda fitilun titi ke jere, kowa mil 30 ne a awa, wato kusan kilomita 48, daga mai ƙaramar mota har mai tirela. Wels ta sauko da nata zuwa mil 20 tun ranar 17 ga Satumban 2023, shi ma kowa da kowa. A babban titin da suke kira motowe, mai shuɗin allo, motar gida da ƙaramar motar kaya duk mil 70 ne, kusan kilomita 113. A tsakanin waɗannan biyun ne ake rabuwa. A hanya falan ɗaya, motar gida mil 60, motar kaya 50. A tagwayen hanya, motar gida 70, motar kaya 60. Wannan rukuni na motocin kaya faffaɗa ne ƙwarai: ya kwaso tun daga 'yar Berlingo da Volkswagen Caddy, ya bi ta kan Ford Transit da Mercedes Sprinter, har zuwa motar da nauyinta da lodinta ya kai tan 7.5. Asalin wannan rabo yana cikin jadawali na shida na dokar tsara zirga-zirgar hanya ta 1984, an kuma taƙaita shi a ƙa'ida ta 124 ta littafin dokokin hanya, wanda kowane mai koyon tuƙi ya karanta ya manta.

Kalmar tagwayen hanya ma tana da nata tarkon. A dokarsu ba yawan layuka ake ƙirgawa ba. Abin dubawa shi ne ko akwai wani abu da ya raba masu zuwa da masu dawowa: shingen ƙarfe, dakalin kankare ko tsirin ciyawa. Hanya mai layi huɗu wadda fenti kaɗai ya raba ta, falan ɗaya ce a wurin doka, komai faɗinta. Hanya mai layi ɗaya kowane ɓangare, in dai akwai shinge a tsakiya, tagwaye ce. Mai motar gida da ya rikice a nan zai iya ɗora mil goma bisa kuskure. Mai motar kaya da ya rikice, ga shi kuma bai san rukuninsa ba, mil ashirin zai ɗora yana ganin daidai yake.

Wanda ya taɓa bin hanyar A1, wadda ta tashi daga Landan ta nufi Edinbura, ya ga abin da idonsa. Wani yanki nata motowe ne, sunansa A1(M), allunansa shuɗaye. Wani yankin tagwayen hanya ne kawai, allunansa koraye. Kwalta ɗaya ce, layukan ma sau da yawa ba su sauya ba. Mai motar gida ba ruwansa, 70 ne nan, 70 ne can, ko launin allon ba sai ya kalla ba. Mai motar kaya kuwa, da zarar shuɗi ya koma kore, ya kamata ƙafarsa ta ɗaga daga totur ya sauko 60. In kuma ya ga allo mai lamba 70 ɓaro-ɓaro a wata tagwayen hanya, wannan lambar ba ta ɗaga masa tasa ba. Tsakanin iyakar hanya da iyakar mota, wadda ta fi ƙanƙanta ita ke hawa kansa.

Da a ce nan maganar ta tsaya, da da sauƙi: motar kaya ta rage goma a wurare biyu, shi ke nan. Amma dokar ta buɗe wasu ƙofofi na togiya, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ƙofa ta farko ita ce motar kayan da aka samo daga motar gida, wadda a takardar mota ake rubuta ta car derived van. Sharuɗɗanta biyu ne, kuma sai sun cika duka. Na ɗaya, asalin ƙirarta ta motar fasinja ce, aka cire kujerun baya aka toshe tagogi. Na biyu, iyakar nauyin da aka yarda ta kai da lodinta kada ya wuce tan 2. Ford Fiesta Van da Vauxhall Corsavan su ne misalan da kowa ya sani: ka gan su daga gaba ka rantse motar gida ce, sai ka zagaya ka ga ƙarfe a inda gilashin baya ya kamata ya kasance. Irin waɗannan gudun motar gida suke yi ko'ina.

To ina Berlingo? Nan ne ɗan yayata ya ƙara tayar da jijiyar wuya, kuma ban ga laifinsa ba. Akwai Berlingo ta iyali, mai kujeru biyar ko bakwai da tagogi zagaye, wadda ake kai yara makaranta da ita. Inji ɗaya, birki ɗaya, bodi ɗaya da tasa, ɗan juma ne da ɗan jummai. Waccan motar fasinja ce, 60 da 70 take yi. Tasa motar kaya ce, yawancin sababbin irinta kuma nauyinsu da lodi ya haura tan 2, don haka ko da mutum ya dage cewa daga motar gida aka samo ta, sharaɗi na biyu ya kayar da shi. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Su biyun za su fito daga masana'anta ɗaya, su jeru a hanya ɗaya, ta iyali cike da mutum bakwai da jakunkunansu, tasa wayam bayan ya gama rabon ranar, amma doka ta ce wayam ɗin ce za ta rage gudu.

A lura da wannan: ba abin da ke cikin motar a wannan lokacin ake aunawa ba. Lambar da kamfanin ƙera motar ya buga ake dubawa, wadda take kan wani ɗan faranti ko sitika a ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Lamba ta farko a jerin nauyin ita ce iyakar nauyin motar da lodinta. In ta nuna kilo 2,200, ko tsinke babu a baya, motar ta fita daga togiyar.

Ƙofa ta biyu ta fi ta farko rikitarwa. Ita ce ta mota mai amfani biyu, wadda aka ƙera don ɗaukar mutane da kaya gaba ɗaya. Ma'anarta tana cikin wasu ƙa'idoji na 1986 kan ƙira da amfani da motoci. A nan nauyin motar wayam ake dubawa, kada ya wuce kilo 2,040. Sai kuma ɗayan biyu: ko dai ƙafafunta huɗu duk suna ja, ko kuma tana da rufi mai ƙarfi, da jerin kujeru a bayan direba, da tagogi a gefe da kuma gilashi a baya. Ka ga ke nan togiya ta farko da lodi take awo, ta biyu kuwa babu lodi, lambobin kuma 2,000 da 2,040 ne, kamar da gangan aka zaɓe su don su ruɗa mutum. Ita 2,040 ɗin gadon tsohon ma'auni ce: tan ɗin Ingila na da kilo 1,016 ne, biyunsa ya kama 2,032, aka ɗan cike shi.

Abin da wannan ƙofa ke haifarwa a zahiri yana da ban dariya. Ɗauki motar da magina ke so, mai kujeru jeri biyu da filin kaya a baya, wadda ke kwasar ma'aikata biyar da kayan aikinsu. In ƙofofinta na baya masu gilashi ne kuma ba ta yi nauyi ba, tana iya shiga sahun motocin gida. In mai ita ya zaɓi ƙofofin ƙarfe zalla, don kada ɓarayi su leƙa su ga injin yankan katako, to ya sayar da mil goma a madadin tsaron kayansa, kuma galibi dillalin da ya sayar masa bai ce masa uffan ba. Haka a-kori-kura mai gida biyu, irin su Toyota Hilux da Ford Ranger. Shekarun baya da yawansu ba su kai kilo 2,040 ba, suna gudun motar gida. Yanzu sun yi ƙiba, an cika su da kujerun fata da na'urori da manyan tayoyi, da yawa sun tsallake layin. A samfuri guda ma, mai araha tana iya zama ƙasa da layin, mai tsadar da aka ƙawata ta haura shi. Mutum ya ƙara kuɗi ya sayi wadda ta fi ƙarfin inji, doka ta ba shi wadda ta fi ƙarancin gudu.

Akwai ƙofa ta uku, ta motocin da aka mayar ɗakin kwana don yawon hutu, masu gado da murhu a ciki. In nauyinsu wayam bai wuce tan 3.05 ba, gudun motar gida suke yi. Nan ma tsohon tan ne guda uku aka juya. Sai ka ga Volkswagen Transporter biyu, ɗaya ta mai gyaran famfo, ɗaya ta wasu tsofaffi masu zuwa bakin teku da katifa da tukunyar gas, ta tsofaffin ce ke da izinin wuce ta mai aikin. Amma da za su loda mata kayan sayarwa ko su mayar da ita shagon aiki, ta koma motar kaya.

Daga ina wannan rabo ya samo asali? Tsoho ne ƙwarai. Dokar 1930, zamanin da Herbert Morrison ke ministan sufuri, ta cire iyakar gudu gaba ɗaya ga ƙananan motocin fasinja, amma ta bar motocin kaya a ɗaure. Mace-mace suka yi yawa, aka dawo da mil 30 cikin gari a 1935. Bayan gari kuwa mai motar gida ya ci gaba da gudu iya ƙarfin injinsa har zuwa Disamban 1965, lokacin da aka gwada mil 70, ministar sufuri Barbara Castle ta tabbatar da shi a 1967. Tsarin 60 a falan ɗaya da 70 a tagwaye ya zo a 1977. Duk tsawon wannan lokaci motar kaya tana da nata lissafin daban: manyan lori mil 20 suke yi har 1957, ƙananan ma a shekarun 1950 ba su wuce 30 ko a bayan gari. Wato a tarihin dokar Birtaniya, motar gida ce aka cire wa linzami aka mayar mata daga baya. Motar kaya da linzaminta ta taso, sassauta mata shi ake ta yi sannu a hankali.

Kuma a gaskiya akwai hujja. Littafin dokokin hanya ya ƙiyasta cewa motar gida mai gudun mil 50 tana buƙatar mita 53 kafin ta tsaya cak, mai 60 mita 73, mai 70 mita 96. Wannan a busasshiyar kwalta ke nan, da birki mai kyau. Ƙarfin da mota ke kai karo da shi yana ƙaruwa da nauyi, yana kuma ƙaruwa da ninkin gudu a kansa: daga 50 zuwa 60, ƙarin kashi 20 cikin ɗari ne a maleji, amma kashi 44 ne a ƙarfin karo. Yi lissafin Sprinter mai tan 3.5 da lodinta tana tafiya a 50, ka kwatanta da motar gida mai tan ɗaya da rabi tana tafiya a 60. Duk da rage mata goman, ƙarfin karon Sprinter ɗin ya fi na motar gidan da fiye da rabi. A hanya falan ɗaya, inda abin da ya raba ka da mai tahowa fenti ne kawai, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ban da nauyi, akwai yadda motar take. Doguwa ce, iska na kaɗa ta a kan gada ko in tirela ta gifta. Bangon da ke bayan kujerar direba ya toshe madubin tsakiya, da na gefe kaɗai yake gani. Lodi kuma ba fasinja ba ne da zai ɗaura bel ya zauna lafiya: buhunan siminti ko injin wanki da ba a ɗaure da kyau ba, in aka sha kwana da gudu, sai su zame gefe guda su ja motar. Tsawon shekaru kuma na'urorin kariya, irin birkin da ke kama kansa in ya hango haɗari, sun riga zama ruwan dare a motocin gida kafin su iso motocin kaya. Sannan a duba wanda ke riƙe da sitiyarin. Lasin ɗin motar gida ya halatta wa mutum jan mota har mai tan 3.5. Wanda ya ci jarrabawar tuƙi da 'yar ƙaramar mota jiya, gobe zai iya hayar babbar motar kaya don tashi daga gida, ya cika ta da kujeru da firji, ya hau hanya ba tare da wani ya koya masa komai a kanta ba. Shi kuma mai rabon saƙo, wanda ake ƙirga masa kwalaye da mintoci, ba ya rasa dalilin taka wuta.

Duk wannan na yarda da shi game da manyan. Inda nake da ja shi ne wurin da aka ja layin. A 1984, tan 2 da lodi ma'auni ne mai ma'ana, domin ƙananan motocin kaya na lokacin, irin su Ford Escort da aka toshe wa baya, suna shiga ƙarƙashinsa cikin walwala. Shekara arba'in bayan nan motoci duka sun yi nauyi, saboda ƙarafan kariya da jakunkunan iska da na'urori, yanzu kuma ga batir. Range Rover babu kowa a cikinta ta haura tan 2, tana kuma gudun 60 da 70 da izinin doka, saboda kujeru gare ta a baya. Ita kanta motar kayan da aka samo daga motar gida tana neman ɓacewa a kasuwa: Ford ta daina ƙera Fiesta a 2023. Motar lantarki kuwa nauyin batirinta kaɗai ya isa ya tura ta saman layin. Ƙofar togiyar tana nan a rubuce, masu iya shiga ta ne ke ƙarewa.

Abin da ya ƙara fito da rashin daidaiton shi ne sauyin ranar 6 ga Afrilun 2015. A ranar aka ɗaga wa manyan motoci masu fiye da tan 7.5 iyakarsu a Ingila da Wels, daga 40 zuwa 50 a falan ɗaya, daga 50 zuwa 60 a tagwaye. Cikin hujjojin gwamnati har da cewa tsohuwar iyakar ta zamanin da ce, kuma tazarar gudu tsakanin tirela da sauran motoci tana tara dogon layi a bayanta, har wani ya gaji ya fita shan gaba a inda bai kamata ba. Madalla. Amma sakamakon shi ne, a yau tirela mai tan 44 da 'yar Berlingo ɗin ɗan yayata lamba ɗaya doka ta ba su a waɗannan hanyoyi. Tirelar dai akwai na'urar da ke riƙe ta a mil 56, don haka ba ta kai 60 ɗin ba, amma a hanyar karkara kafaɗa da kafaɗa suke. In hujjar nauyi ce, ta yaya tan 2 da 'yan kai ya zama ɗaya da tan 44? In kuma hujjar rage tazara ce, me ya hana ta aiki a kan ƙaramar motar kaya, wadda ita ma mai bin doka a cikinta yakan waiga ya ga motoci goma sun jeru a bayansa, na farko har yana kunna masa fitila?

Sikotlan ba ta shiga sauyin 2015 ba, sai dai tun Oktoban 2014 ta yi gwaji a hanyar A9 tsakanin Perth da Inverness, inda aka bar manyan motoci su yi 50 a yankunan falan ɗaya, aka kuma jera kyamarori masu auna matsakaicin gudu daga wannan turke zuwa wancan. Hanyar tana ta sauyawa tsakanin falan ɗaya da tagwaye, ga tsaunuka, ga baƙi 'yan yawon buɗe ido. Irin wannan kyamarar ba a yi mata dabarar taka birki a gabanta a saki a bayanta.

Maƙwabta ba haka suka yi ba. A Faransa da Jamus layin yana kan tan 3.5: duk motar da ba ta wuce nan ba, ta gida ce ko ta kaya, doka ɗaya ce. A Faransa 130 ne a babban titi, a lissafin kilomita. A Jamus kuwa, a yankunan babban titi da babu iyaka, Sprinter ma babu iyaka gare ta, abin da ya jawo muhawara mai zafi a can kan ko ya kamata a taka wa waɗannan motoci birki. Ba na cewa nasu ya fi aminci. Abin da ya fi shi ne sauƙin ganewa, domin layin gudu ya faɗa daidai kan layin lasin: in lasin ɗin motar gida ya ishe ka jan ta, gudun motar gida za ka yi. A Najeriya ma rabon yana nan, amma ta wata fuskar: littafin hukumar kiyaye haɗurra ya ba motar gida kilomita 100 a babban titi, tasi da bas 90, tanka da tirela 60. Wanda ya saba da wannan ya je Birtaniya zai zaci ragin na bas ne da manyan motoci, ba zai kawo 'yar motar da bai fi ya ajiye ta a garejin gida ba.

Me ragin ke ci a lokaci? Mil 100 a gudun 60 awa ɗaya ne da minti 40, a gudun 50 awa biyu. Minti ashirin ke nan, in har hanyar miƙaƙƙiya ce babu shataletale babu tarakta, abin da babu shi a karkarar Ingila. Ga mai rabon da tsayawarsa ta fi tafiyarsa yawa, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Asarar kuwa ga ta: mafi ƙarancin hukunci tarar fam 100 da maki uku a lasin. Maki 12 cikin shekara uku, yawanci dakatarwar wata shida ce. Sabon direba, wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawa ba, maki shida kawai ya tara a soke lasin ɗin ya koma farko. In abin ya kai kotu, tara na iya kaiwa fam 1,000, a motowe 2,500. Kamfanin inshora ma yana jira a gefe. Ga sabon direban da tuƙi ne abincinsa, takarda biyu a wata ɗaya a kan hanya ɗaya, kafin ta farkon ma ta iso hannunsa ya gane kuskurensa, sun isa su zaunar da shi a gida.

Direbobi suna yawan faɗin cewa 'yan sanda ba sa kama mutum sai ya wuce kashi goma cikin ɗari da ƙarin mil biyu. Shawara ce ta shugabannin 'yan sanda ga jami'ansu, doka ba ta san da ita ba. Ko an bi ta ma, lissafin a kan iyakar motarka ake yin sa: a 60 ya kama 68, a 50 ya kama 57. Da ɗan yayata a motar gida yake, 61 ɗinsa ba wanda zai kula. Wasu kuma suna cewa kyamara ba ta bambance motar kaya da ta gida. Lambar mota dai tana haɗe da rajistar hukumar lasin da ke Swansea, inda aka rubuta irin bodinta da nauyinta, jami'in da ke zaune cikin motar kyamara a gefen hanya kuma idonsa biyu. Abin da ya fi cin mutane ma shi ne taswirar waya, wadda galibi lambar motar gida take nunawa a kusurwar allo. Shi ma abin da ya ce min ke nan: "Kawu, har wayar sittin ta nuna."

A ganina gyaran bai fi ƙarfin majalisa ba. Ko dai a ɗaga layin tan 2 ya dace da motocin yau, a daina tambayar daga wace ƙira aka samo mota, ko kuma a bar ragin yadda yake amma a tilasta wa masu ƙerawa da masu ba da haya su manna lambobin a gaban direba. Wasu kamfanoni masu motoci da yawa suna yin hakan da kansu, sitika 'yar ƙarama kusa da maleji. Motocin kaya a Birtaniya sun haura miliyan huɗu, sayayya ta intanet kuma kullum ƙara su take yi, masu jan su da yawa sababbin shiga ne ko baƙi. Barin doka irin wannan a ɓoye cikin jadawali, alhali allon hanya bai ce komai ba, ya fi kama da tarko fiye da gargaɗi.

Ɗan yayata dai an ba shi zaɓin zaman bita na 'yan awoyi kan illar gudu a madadin maki, ya biya kuɗin zaman daga aljihunsa. Da ya koma wurin masu hayar ya tambayi abin da ya hana su gaya masa, wani ma'aikaci ya zaro takardar yarjejeniya ya nuna masa wani layi a shafi na uku. Daga baya ya turo min hoto: ya yanko gefen kwali, ya rubuta 50, 60, 70 da baƙin maka, ya liƙa da salatif a saman rediyon motar. A ƙarƙashin 70 ɗin ya ƙara da ƙananan haruffa, "shuɗin allo kawai".